Houston bayan kayen wasan ƙarshe: 'yan wasa sun taru, amma ina labarin aji?

Ɗan Kawo:

Assalamu alaikum 'yan ƙwallon kwando. Na san a garin nan in ka ce kana bin gasar jami'o'in Amurka, kallon marar aikin yi ake maka, amma mu 'yan kaɗan da ke hana idonmu barci har ƙarfe biyun dare mun san juna. Ni jami'ar Houston nake yi, kuma saboda Hakeem Olajuwon na fara. Har yau wasan Florida na watan Afrilun 2025 yana tsaye mini a wuya. Muna gaba da maki 12 bayan an dawo hutun rabin lokaci, aka tashi 65 da 63. Emanuel Sharp ya yi tsalle zai jefa, ya fasa, ya saki ƙwallo tana dira a ƙasa yana kallonta har lokaci ya ƙare. Karo na uku ke nan ana doke mu a wasan ƙarshe, bayan 1983 da 1984 na zamanin Hakeem.

To ga yadda hutun 2025 ya kasance. L.J. Cryer da J'Wan Roberts sun gama, Terrance Arceneaux ya koma jami'ar NC State. Milos Uzan ya sa sunansa a zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA, daga baya ya janye ya dawo, wanda a wurina shi ne babban abin da ya faru. Sharp da Joseph Tugler sun zauna. Sannan ga sababbin yara uku, Chris Cenac da Isiah Harwell da Kingston Flemings. A takarda kam ba laifi.

Tambayata ita ce: yaran nan karatu suke yi kuwa? Wannan ya shigo, wancan ya fita, wani shekara ɗaya kawai zai yi ya wuce NBA. Ƙanena da ke zuwa atisaye Murtala Square kullum da yamma ya fara ce wa mahaifiyarmu wai shi ba ruwansa da WAEC, tsawonsa zai kai shi Amurka. Ina son wanda ya san dokar ya warware mini, in sami abin da zan rufe masa baki da shi.

Malamin Barnawa:

Wa'alaikumus salam. Ɗan Kawo, ka ce wa ƙanen naka in ji ni, tun daga ƙofa za a tare shi. Kafin yaro ya buga wa babbar jami'a wasa, hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'in Amurka sai ta duba sakamakonsa na sakandare: darussa 16 da ta ƙayyade, da GPA aƙalla 2.3 a cikinsu. Ɗan Najeriya kuwa takardunsa na sakandare da na WAEC ko NECO ne za su yi magana, ba tsawonsa ba. An daina neman jarrabawar SAT a 2023, amma wannan bai ɗauke sauran ba.

In ya shiga kuma, dole ya yi rajistar kwasa-kwasai na cikakken ɗalibi, yunit 12 a zango, ya ci aƙalla 6 kafin a bar shi ya buga zango na gaba. Kafin ya shiga shekara ta uku sai ya gama kashi 40 cikin ɗari na digirinsa, ta huɗu kashi 60, ta biyar kashi 80. Nan masu yawan canjin makaranta ke cin karo da bango, domin ba kowane kwas sabuwar jami'a ke yarda da shi ba.

Ita ma ƙungiyar ana auna ta da wani ma'auni na ci gaban karatun 'yan wasanta, APR. In ta gaza 930 cikin 1,000 ana iya hana ta gasar ƙarshen kaka. Jami'ar Connecticut, UConn, ta ɗanɗana a 2013, aka zaunar da su gida, suka dawo suka ɗauki kofi a 2014.

Na Tudun Wada:

Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma fa ka karanto mana doka ne kawai. Kai da ke koyarwa ka fi ni sanin bambancin abin da ke rubuce da abin da ake yi. Ka manta jami'ar North Carolina? Binciken da aka fitar a 2014 ya nuna shekara 18 ana gudanar da kwasa-kwasan da ba a shiga aji, takarda ɗaya za ka rubuta a ba ka maki mai kyau. Ɗalibai sama da 3,000 suka bi ta nan, kusan rabinsu 'yan wasa. Me NCAA ta yi a 2017? Ta ce tunda har waɗanda ba 'yan wasa ba sun amfana, ba ta da hurumin hukunci. Shi ke nan, aka kaɗe riga aka tashi.

Yaro irin Cenac kuwa, in ya ga hanya ta buɗe, wa zai riƙe shi? Ya ci yunit 6 a zangon farko, ya buga har Maris, ya tattara kayansa. Balle yanzu da kuɗi ya shigo, tun 2021 suna karɓar kuɗin talla, daga 2025 kuma jami'a da kanta za ta iya raba wa 'yan wasanta kusan dala miliyan 20 da rabi a shekara. Wa zai zauna yana haddar jarrabawa?

Batun fili kuma, rashin Roberts ya fi damuna a kan na Cryer. Shekara shida ya yi a wurin. Kocin Houston, Kelvin Sampson, da tsaron gida yake cin wasa, da kokawar ƙwallon da ta dawo daga allo, kuma yaro ɗan shekara 18 ba ya koyon wannan a wata uku.

Tsohon Ɗan Samaru:

Na Tudun Wada, ka yi gaskiya rabi. Nawa ne ke zuwa NBA ɗin? Mutum 60 ake ɗauka a shekara, daga jami'o'i sama da 350 na rukunin farko, kuma har da masu zuwa daga Turai a cikin 60 ɗin. Sauran duk digirin ne abin da za su fita da shi, in sun fita da shi.

Kuma ɗan Najeriya kada ya ruɗu da labarin kuɗin talla. Da bizar ɗalibi yake shiga, ita kuwa ta takura masa yin aikin kuɗi a cikin Amurka. Oscar Tshiebwe ɗan Kwango sai da jami'arsa Kentucky ta je Bahamas a 2022 ya samu ya yi tallace-tallacensa a can.

Mu da muka yi ABU mun ga Koci Oliver Johnson, OBJ, yana tara yara a fili shekara da shekaru. A hannunsa Masai Ujiri ya taso a Zariya, ya tafi ƙaramar kwaleji a Bismarck, bai taɓa buga NBA ba, amma shi ya haɗa ƙungiyar Toronto ɗin da ta ci kofin NBA a 2019. Ɗan Kawo, ka kawo mini yaron ranar Asabar bayan la'asar, ya zo da sakamakonsa na SS2 a hannu.

Ɗan Kawo:

Na gode Baba, za mu zo in sha Allahu, ko da jan sa zan yi. Malam, na kwafe bayaninka na tura wa Hajiya. Na Tudun Wada, kai kuma ban yarda ba. Tugler na nan, shi ne gwarzon mai tsaron gida na Big 12, rukunin jami'o'in da Houston ke ciki, a kakar 2024-25, in dai ya rage yawan laifin da ke mayar da shi benci. Wanda zai jefa ta ƙarshe in wasa ya yi zafi, shi ne ban gani ba tukuna.