Ba targaɗe ba ne, ba kuma karaya ba: wane suna za mu ba shi?

1. Jama'a, kalma nake nema. Wata uku ke nan da na jingine gudun asuba saboda ciwo a gefen ƙafata ta hagu, ta waje, tsakanin ƙaramin yatsa da dunduniya. Likita ya ce "stress fracture" ne. Da na dawo gida Hajiya ta tambaye ni me aka ce, sai na shiga kame-kame. Na ce karaya, ta ce ai da ƙafarka ka shigo. Na ce targaɗe, ta ce to a kira mai ɗori. Kuma duk ba su ba ne.

2. Ban faɗi ba, ban gurɗe ba. Bayan ƙaramar sallah na ga tumbi ya fara leƙowa, sai na ɗaga gudu daga kilomita 3 zuwa 7 cikin mako biyu, da takalmin gwanjo wanda mai shi na farko ya riga ya cinye gefensa. Kullum hanya ɗaya, wajen Filin Sukuwa, ina bin hannun hagu don in riƙa ganin 'yan adaidaita, daidai inda kwalta take gangarawa lambatu. Ashe gefen ƙafar hagun ke shan duk nauyin. Da fari sai na kusa gamawa nake jin ciwon. Daga baya tun takun farko. Ranar da na san abin ya girmama ita ce ranar da zaman tahiya ya gagare ni, don gefen nan ne ake kwantarwa a zauna a kai.

3. Ƙasusuwa 26 ne a ƙafa, daga ƙasan idon sawu zuwa yatsu. Biyar daga ciki dogaye ne, kowanne ya nufi yatsa ɗaya, na biyar shi ne na gefe. Ƙashi abu ne mai rai: gudu yana yi masa 'yan ƙananan tsagogi, jiki yana ɗinke su lokacin hutu. In ɓarna ta fi gyara sauri, sai tsagar ta zarce. Kamar waya ce da ake lanƙwasawa gaba da baya, ba a sare ta ba, amma za ta katse.

4. Ga abin da aka kawo mini zuwa yanzu. Manhajar fassara ta ce "karayar damuwa". Allah ya ba ta lafiya. Wannan karayar zuciya ce, ba ruwan ƙashi.

Wani ɗan'uwa ya ce "karayar ɓoye", kuma hujjarsa da ƙarfi. A mako biyu zuwa uku na farko hoton ƙashi sau da yawa ba ya nuna komai, sai an sake ɗauka daga baya ko an yi na MRI, hoton na'urar maganaɗisu da ke ganin cikin ƙashi. Nawa ma haka ya fito fes. Amma sunan bai faɗi dalili ba, kuma a garin nan in ka ce ciwon ɓoye, kafin la'asar an fara zancen sammu.

Wani tsohon soja a unguwarmu ya ce "karayar maci". Ya taɓo tarihi, domin a ƙafafun sojoji masu doguwar tafiya wani likitan sojan Jamus, Breithaupt, ya fara bayyana ciwon a 1855. Sai dai mai gudu da ɗan ƙwallo ba sa maci.

5. Ni dai na tsaya a kan "tsagewar gajiya". Tsagewa kalma ce da muke da ita tuntuni, masu ɗori sun raba ta da karaya da targaɗe da gocewa, kuma duk wanda ya ji "ƙashi ya tsage" ya san ba abin ja ba ne, ba na murza ba. A nan amfanin sunan yake. Ni da na ce targaɗe, sau biyu aka ja mini ƙafar, aka murza da man zafi, na kwana ina juyi. Gajiya kuma ita ta faɗi yadda aka yi: ba duka, ba faɗuwa, tara wahala ce. Wata malama ta ce za a ɗauka gajiyar mutum ake nufi, a sha fanadol a kwanta. Ranki ya daɗe, na karɓi gyara rabi: a farkon magana a ce "tsagewar ƙashi ta gajiya", in an saba a gajarta.

6. Kafin kowa ya ɗora wa ƙafarsa sunan nan, ba duk ciwon gefe ne ƙashi ba. Akwai igiyoyi biyu da suka sauko daga tsokar gefen ƙwauri, suka bi ta bayan idon sawu. Gajeriyar ta kama gindin ƙashi na biyar, doguwar ta zaga ta ƙarƙashin tafin ƙafa. A nan ma ina da ƙorafi: mun ɗora wa "jijiya" kaya ya yi mata yawa, ta jini jijiya, ta laka jijiya, wannan ma jijiya. Alhali "agara" tana nan, ku tambayi kowane mahauci. Ciwon agara yakan bi layi a bayan idon sawu, yakan lafa in jiki ya ɗumi, ya dawo bayan gudu. Na ƙashi wuri ɗaya yake, kan yatsa zai rufe shi, yana ƙaruwa da kowane taku, kuma tsalle da ƙafa ɗaya sai ka kira sunan Allah. Shafa gefen ƙafarka, za ka ji wani ɗan tudu a tsakiya. In kusa da shi ne, ajiye takalmin, nemi likitan ƙashi. Mu da muke da asibitin ƙashi na Dala a nan Kano ba mu da uzuri.

7. Dalilin gaggawar shi ne ɗan gaba da tudun nan jini ba ya isa sosai, don haka ƙashin yana da nawar haɗewa. Karayar wurin sunan likita Robert Jones ta ci, wanda ya rubuta bayaninta a 1902 bayan shi kansa ya same ta wajen rawa. Maganinta kan kai mako 6 zuwa 8 ba taka ƙafa, wani lokacin sai an yi aiki an sa ƙusa. Agara kuwa rage gudu take so, da ƙanƙara in ta kumbura, da atisayen ƙarfafa ta a hankali. Ni yanzu ina kan tafiya da keke, na canza takalmi, kuma in na koma gudu ba zan ƙara nisa fiye da kashi 10 cikin 100 a mako ba.

8. Saura guda. Bayan ƙashi na biyar akwai wani ɗan ƙashi mai kusurwoyi da ake kira "cuboid", wanda shi ma gaɓarsa kan yi ciwo bayan gurɗewa. Siffarsa kamar dunƙulen magi. Na sa masa "ƙashin dunƙule" kafin masu ɗori su shigo da nasu.