Muhawara: Abin da ake iya mayarwa rubutu, shi ma sitirin ne?

Sadiƙ: Jama'a, ni fa a ganina is_string() na harshen shirya manhaja PHP, mai duba ko abu sitirin ne (wato rubutu tsantsa), ya cika tsauri. Duk ajin da ke da __toString(), wato hanyar mayar da kansa rubutu, umarnin echo na buga shi, ana kuma haɗa shi da wani rubutu lafiya lau. Tun PHP 8.0 a 2020 ma aka raɗa musu suna, Stringable. To me ya hana is_string() ya ce musu true?

Maryam: Gyaɗa na ba da mai, Sadiƙ, amma ba a zuba ta a kasko a ce za a soya ƙosai. Exception ma, wato abin da ke ɗauke da rahoton kuskure, yana da __toString(), yana fito da saƙon kuskure da sunan fayil da lambar layi. Za ka yarda wannan ya shiga gurbin sunan mai rajista?

Malam Bala: Mutanen harshen Python sun sha wannan gardamar a kan pathlib, kayan aikinsu na hanyoyin fayil. A can kowane abu yana da __str__, takwaran __toString(), har None mai nufin babu komai. Da open() mai buɗe fayil na karɓar duk mai iya zama rubutu, kuskure ɗaya sai ka wayi gari da fayil mai suna None. Shi ya sa a Python 3.6, shekarar 2016, suka kawo __fspath__ daban, don abu ya faɗa da bakinsa cewa hanyar fayil ce.

Sadiƙ: Allah ya gafarta Malam, ai akwai waɗanda rubutu ne tsantsa. gettext_lazy na Django, tsarin gina shafukan intanet da Python, fa? Saƙo ne kawai, yana jiran a san harshen mai karatu kafin a fassara shi.

Maryam: Wannan jiran shi ne abin tsorona. Sitirin na gaske ba ya sauyawa a bayan idonka. Shi kuwa wancan, ka auna tsawonsa yanzu, kafin ka adana ya ba ka wani abu dabam. A PHP kuwa, irin wannan abu ko mabuɗin array (jerin bayanai) ba ya iya zama.

Sadiƙ: Ke nan kullum sai na riƙa rubuta (string) da hannu?

Malam Bala: Sau ɗaya, a bakin ƙofa. Ka rubuta string|Stringable a abin da fankishin ɗinka ke karɓa, ka mayar da shi rubutu a layin farko. In ka kunna strict_types, mai tsaurara duba nau'in abu, kuma ka ce string kaɗai, to duk Stringable da ka miƙa, kuskuren TypeError za ka samu.

Sadiƙ: Zan bi wannan, Malam. Amma har yanzu ina ganin ya kamata harshen ya bambanta Exception da saƙon fassara, tunda a PHP Exception da irin wannan saƙo duka Stringable ne.