Shawarwarin da masu hawa doki a gonakin kiwon shanu na Amurka suka bayar

Na tattaro abinda aka fi nanatawa a wata hira da aka yi kan raunukan da ke samun masu zagaya shanu a kan doki a manyan wuraren kiwon yanka na Amurka, irinsu Texas da Kansas da Nebraska. Aikinsu kullum da sassafe su shiga shinge bayan shinge su ware marasa lafiya, to anan ake samun karaya da targaɗe da buguwar kai.

Kusan kowa yace ba tutsun doki bane yafi kayar da mutum, santsi ne, kankare ya jiƙe da kashin shanu ko ƙanƙara ta kwanta lokacin sanyi sai doki ya zame ya danne ma mahayi ƙafa, shiyasa suka ce a irin wajen tafiya kawai banda sukuwa, kuma a duba ƙarfen kofato akai akai. Wajen buɗe get daga kan sirdi ma gwiwa na yawan haɗuwa da ƙarfe.

A duba majayi da linzami kafin a hau, a sa takalmi mai dunduniya kada ƙafa ta maƙale a likkafa doki ya ja mutum a ƙasa. Dokin da ya gaji a canza shi.

Hular kwano kam an sha musu, wasu sunce zafi, ni dai ina bayan masu sawa wallahi, kai ba'a gyara shi kamar ƙafa. A riƙe oba-oba saboda yawanci mutum shi kaɗai yake, in an ji ciwo a faɗa ma manaja ranar a rubuta, musamman a Texas da doka bata tilasta ma kamfani inshorar raunin ma'aikata ba.