Neman kalma: kuɗin rashin aiki ga wanda ya ajiye aiki da kansa

Tafinta: Salamu alaikum. Ina fassara takardar wayar da kai ga Hausawan New York, jibi za a kai ta ɗab'i. Abu biyu sun tsaya min, "unemployment benefits" da "good cause". Jimlar tana cewa wanda ya bar aiki da kansa ba ya samun na farko sai da na biyu. A taimaka.

Mai Rediyo: Wa alaikumus salam. Tallafin marasa aikin yi. Na biyu kuma ƙwaƙƙwaran dalili. An gama.

Anti Lauya: Malam, tallafi zai ɓatar da mutane. Wannan inshora ce, tun dokar 1935 ake yin ta a Amurka, kuma a New York mai kamfani ne ke biyan harajinta, ba a cire ko sisi daga albashin ma'aikaci. Ba duk mara aiki ke samu ba. Ana raba shekara wata uku-uku, a ɗauki kashi biyar na ƙarshe da suka cika, a duba abin da ka samu a huɗun farko. Sai kana da izinin aiki, kana da lafiyar yin sa, kana kuma nema duk mako. Har zuwa mako 26 ake biya. In kun rubuta tallafi, wani zai ɗauka sadaka ce ya ji kunyar nema, wanda bai taɓa aiki ba kuma ya ɗauka da rabonsa. Kuɗin inshorar rashin aiki.

Malamin Hausa: Inshora kuma? Hausa ta ƙare ne? Ni na ce GUZURIN RATA. Rata ce tsakanin aiki da aiki, guzuri kuma abin da ke kai matafiyi zango na gaba.

Ɗan Zango: Ranka ya daɗe, in mutanenmu na Kumasi da unguwar Nima ta Accra a Ghana suka ga guzuri, za su zaci kuɗin jirgin komawa gida ne.

Malamin Hausa: To Hausar zango ce za ta zama ma'auni? Wanda ya bar gida, gida ya bar shi.

Ɗan Zango: Malam, su za su karanta takardar. Kuma mota da asibiti da kake faɗa kullum, daga Daura suka fito?

Mai Rediyo: Ku bari kawai a sa kuɗin zaman kashe wando, kowa ya huta.

Tafinta: Don Allah jama'a, jibi ne fa. Na biyun ya fi damuna.

Anti Lauya: Shi ne mai haɗarin. Kowa gani yake dalilinsa ƙwaƙƙwara ne, alhali Ma'aikatar Ƙwadago ta jiha ce ke yanke hukunci, bayan ta ji ta bakinka da ta bakin mai kamfani. Abin da akan karɓa: an hana ka albashi, wurin aikin na barazana ga lafiyarka, jinyar ɗan gida da ba yadda za ka yi, gudun cin zarafi a cikin gida, ko bin miji ko mata da aiki ya mayar wani gari mai nisa. Gajiya da aiki, ko saɓani da shugaba, ko raina albashin da ka amince da shi tun farko, yawanci ba sa wucewa. Inda aka fi faɗuwa shi ne mutum ya fita a fusace bai taɓa kai kuka a rubuce ba. Za a tambaye shi, ka nemi a gyara? Ka nemi hutu ko canjin sashe? Ina takardar likita? In an ƙi, a New York ba zai samu ba sai ya sake aiki ya samu albashin da ya kai ninki 10 na abin da za a ba shi a mako. Kwana 30 gare shi ya nemi zama gaban alƙali.

Mai Rediyo: To uzuri ke nan. Kamar uzurin da ke sa a sha azumi: ba kai ke ƙirƙira shi ba, shari'a ce ta ƙayyade.

Malamin Hausa: Larabci. Mun gudu daga Bature mun faɗa hannun Balarabe.

Ɗan Zango: Dalili fa? Da hujja? Har sunanka, Malam.

Anti Lauya: Uzuri ya fi kusa, amma shi kaɗai yana kama da neman afuwa. A sa "uzurin da doka ta yarda da shi" a karon farko, daga nan "karɓaɓɓen uzuri". Kuma Tafinta, kar ka rubuta murabus, na sarakuna da ministoci ne. "Ajiye aiki don raɗin kai." Ka raba shi da kora kan laifi, ka raba shi da rage ma'aikata, don wanda aka rage shi ne ainihin mai haƙƙin.

Malamin Hausa: Karɓaɓɓen uzuri ba laifi, ko da yake ya yi nauyi a baki. Inshora dai ban yarda ba. Nan da shekara goma za ku dawo kan guzurin rata.

Tafinta: Na gode. Na ɗauki karɓaɓɓen uzuri da ajiye aiki don raɗin kai. A kanun takarda zan sa "kuɗin rashin aiki" saboda wuri, inshorar ta shiga layin farko. Malam, a yi haƙuri da guzuri. Saura "waiting week", makon farko da ba a biya.

Malamin Hausa: Makon rata.