Hitar tankin kifi ta ƙi ɗumama ruwa

Baban Ummi, Agege: Assalamu alaikum. Na saya wa 'yata tankin gilashi mai lita 60 da ƙananan kifayen ado da ake kira guppy guda takwas. Falon akwai AC, da asuba ruwan na sauka zuwa digiri 21, sai kifayen su lafe a ƙasa, ko abinci ba sa taɓawa. Hitata wat 25 ce, fitilarta na ci dare da rana, amma shiru. Jiya ɗaya ya mutu, yarinyar ta kwana tana kuka. Ku taimaka.

Alhaji na Idi-Araba: Wa alaikumus salam. Malam, hitar ce ta yi ƙanƙanta. Ana lissafin kusan wat ɗaya ga kowace lita, nemi mai wat 50 ko 75. Guppy na son digiri 24 zuwa 27. Sa ta kusa da bakin filta (na'urar tace ruwan tankin) don ruwan ɗumin ya zagaya, ka rufe saman tankin.

Maman Sadiq: Ni tawa fashewa ta yi, na rage ruwa tana kunne. Cire ta daga soket, jira minti 15 kafin ka sauya ruwa.

Baban Ummi: Na gode, Alhaji. Na janye tankin daga saitin AC, gobe zan nemo babbar.