Wace ce uwar motocin ƙwanji: GTO ta 1964 ko wata kafin ta?

Auta: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Jiya na ce Pontiac GTO ta 1964 ita ce motar ƙwanji ta farko a Amurka, wato abin da Turawa ke kira muscle car, matsakaiciyar mota mai ƙaton inji, aka ce in koma in yi karatu. Na koma, kuma ina nan kan bakana. Kafin ita babu wanda ya ɗauko injin babbar mota ya cusa a matsakaiciyar mota ya sayar wa samari da araha. Inji mai lamba 389, wato lita 6.4, ƙarfin doki 325. In ka ƙara kuɗi aka sa maka kabureta uku, ya kai 348.

Baba Makaniki: Wa alaikumus salam. Ni ne na ce ka koma, kuma ba don raini ba. Abin nan da ka zayyana, Oldsmobile ta yi shi tun 1949. Ta ƙera sabon injin V8 mai suna Rocket, lita 5, ta sa a babbar motarta 98, sannan ta ɗauke shi ta ɗora a jikin 76 wadda ta fi ta rashin nauyi, ta kira haɗin 88. Motar nan ta addabi filayen tseren NASCAR, a 1950 kuma ita ta cinye Carrera Panamericana a Meziko. Shekara goma sha biyar ke nan kafin a haifi GTO ɗinka.

Auta: Amma Baba, doki 135 fa take da shi.

Baba Makaniki: A shekarar, V8 ɗin Ford doki 100 yake bayarwa. Kowa da tsaransa ake gwada shi, ɗana.

Ɗan Mopar: Ranka ya daɗe Baba, in ƙarfi ake magana, ku duka kun tsallake Chrysler C-300 ta 1955. Injin Hemi lita 5.4, kabureta biyu, doki 300 cif, daga nan ma ta samo sunanta. GTO ba ta wuce ta da wani abin kirki ba, bayan shekara tara.

Hajiya: Ɗan Mopar, a nan ban bi ka ba. C-300 motar masu hannu da shuni ce, kujerun fata, kuɗinta ya haura dala 4,000 a lokacin, kuma guda 1,725 kacal aka ƙera. Wane saurayi mai aiki a masana'anta zai taɓa ta? GTO kuwa ƙarin da bai kai dala 300 ba za ka ɗora kan kuɗin LeMans, matsakaiciyar motar Pontiac da aka gina GTO a kanta. Ni a wurina araha na cikin ma'anar motar ƙwanji, in ka cire ta ka rushe ginin. In ma wata za ta yi wa GTO gardama, Rambler Rebel ce ta 1957: matsakaicin jiki, V8 lita 5.4, doki 255. Sai dai ƙofa huɗu gare ta, kusan 1,500 aka yi, kuma ba wanda ya kwaikwaye ta.

Yaya Babba: Hajiya ta taɓo wurin. Ba wanda ya kwaikwayi Rebel, ba wanda ya kwaikwayi C-300 a wannan farashi. GTO kuwa dubi abin da ya biyo bayanta. A farkon 1963 General Motors, uwar kamfanin Pontiac, ta hana rassanta shiga tsere, Pontiac kuma da tsere ta yi suna. Akwai kuma doka a kamfanin cewa matsakaiciyar mota ba za ta fito da injin da ya wuce lamba 330 ba. Sai John DeLorean na Pontiac da abokan aikinsa Bill Collins da Russ Gee suka zagaye dokar: ba su fitar da sabuwar mota ba, sun ce wannan zaɓi ne kawai da mai saye zai iya nema a kan LeMans. An yi zaton za a sayar da 5,000. Aka sayar da 32,450. Nan take Oldsmobile ta fito da 442, Buick ta kawo Gran Sport a 1965, Chevrolet ta kawo Chevelle SS 396, Ford ta kawo Fairlane GT a 1966, Plymouth ta kawo Road Runner a 1968. General Motors da kanta ta ɗaga dokar zuwa 400, a 1970 ta cire ta gaba ɗaya. Uwa ai da 'ya'ya ake saninta.

Ɗan Mopar: Yaya, na yarda ta yi 'ya'ya, amma sunanta da talla aka gina shi. Sunan ma na Ferrari 250 GTO ne aka ara. Kuma motar da mujallar Car and Driver ta gwada a 1964, wadda ta sa kowa ya ruɗe, ba 389 ne a cikinta ba. Injin 421 aka sa a ɓoye, Jim Wangers mai tallar Pontiac ya amsa hakan da bakinsa bayan shekaru. Wannan abin yana ci min rai, domin mutane sun sayi mota kan gudun da ba nata ba.

Baba Makaniki: Gaskiya ne, kuma ido ba ya bambanta 389 da 421 da sauƙi, shi ya sa dabarar ta ci. Yaya Babba, hujjarka ta 'ya'ya ta fi ta Auta ƙarfi. Amma ni har yanzu ina cewa dabarar ta Oldsmobile ce, kasuwar ce ta Pontiac.

Auta: To Baba, tambaya. Tunda zaɓi ce a kan LeMans, ta yaya mai saye a yau zai san GTO ta gaske ce ba LeMans da aka liƙa wa tambari ba?

Hajiya: Daga 1966 zuwa 1971, lokacin da take mota mai cin gashin kanta, lambar jikinta da 242 take farawa, wannan mai sauƙi ne. Ta 1964 da 1965 kuwa lambar LeMans suke ɗauke da ita, don haka lambar kaɗai ba za ta gaya maka komai ba. Sai an nemo takardar masana'anta daga Pontiac Historic Services, masu riƙe da tsofaffin bayanan motocin Pontiac, a ga ko an rubuta zaɓin GTO a ranar da aka ƙera ta. Ba takarda, kada ka biya kuɗin GTO.

Ɗan Mopar: Hajiya, kabureta ukun fa, ita ma takardar tana nunawa?

Hajiya: Tana nunawa, in daga masana'anta ta fito da su.