Tsakanin orijina da jabu akwai na uku, me za mu kira shi?

Jama'a, kalma nake nema, kuma wata tsohuwar mota ce ta ja min.

Autanmu da ke aiki a Ingila ya sayi Mazda MX-5 ƙirar 1991, 'yar motar nan mai kujera biyu da ake naɗe rufinta, mai fitilun da ke ɗagowa kamar idon kwaɗo. Amurkawa suna ce mata Miata. A Chicago aka fara nuna ta a 1989, kuma zuwa 2016 kamfanin ya ƙera guda miliyan ɗaya. Tasa ta ba shekara talatin baya, ƙafarta ta gaji: in ta taka tudu sai ta yi ta rausaya sau uku ko huɗu kafin ta natsu. Ya kira Kawu neman shawara kan kayan gyaran da zai saya mata, tsohon bakanike da ya ƙarar da ƙuruciyarsa tsakanin gareji da kasuwar Ƙofar Ruwa. Ni ke riƙe da wayar.

"Auta, orijina za ka sa ko jabu?"

"Kawu, ba ko ɗaya ba. Irin wanda Turawa ke ce wa aftermarket ne."

Kawu ya dube ni, na dube shi. Ya ce, "To ai jabun ke nan."

Ba jabu ba ne, amma a take na rasa da wace kalma zan kare yaron.

Sauran kalmomin ba su ba ni wahala ba. Abin da Bature ke kira suspension, in ka ba na'urar fassara za ta iya ce maka "dakatarwa", sai ka ce an kori motar daga aiki. Makanikai tuni suka gama wannan magana: ƙafa. Mota ta shiga aikin ƙafa, ƙafar gaba tana ƙara. A cikin ƙafar akwai sifirin, shokozoba, bushin (robar da ke tsakanin ƙarafan ƙafar) da boljoyin (gaɓar da ke riƙe taya tana karkata), duk sun zauna a bakin mutane, ban ga dalilin tayar da su ba. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram su daga Faransanci suka ɗauko nasu sunayen, su ma a bar su.

Sai dai sunan shokozoba yana ɓatar da mutane. Wanda ke shanye dukan rami sifirin ne. Ita shokozoba linzamin sifirin ce, aikinta ta hana shi ci gaba da tsalle. A cikinta akwai mai da fistin, fistin ɗin yana da ƙananan ƙofofi da aka rufe da siraran faifan ƙarfe. Duk motsin taya sai man ya matsu ta waɗannan ƙofofi, ƙarfin tsallen ya koma zafi. In man ya yi zafi ya yi kumfa, linzami ya saki, shi ya sa ake ɗura iskar naitirojin don ta danne shi. Kusan duk bambancin mai tsada da mai araha yana cikin waɗannan faifan, da robar da ke hana man yoyo. Daga waje duk fenti ne.

Yanzu ga inda kalmar orijina take karyewa. Kamfanonin mota galibi ba su suke ƙera shokozobarsu ba, saye suke yi. KYB na Japan yana sayar wa masu ƙera motoci da dama, kuma yana sayar wa kowa a kwalinsa. Ita kanta Mazda ta fito da wasu daga cikin MX-5 na farko da shokozobar Bilstein ta Jamus tun daga masana'anta. Ke nan Bilstein a jikin wannan motar orijina ce, a jikin 'yar'uwarta da mai ita ya saya ya ɗaura kuma ta zama jabu? Koni na Holan fa, mai launin ɗorawa, wadda ake murɗa mata kai a ƙara mata tauri ko a rage? Masu irin wannan mota da yawa cire ta kamfani suke yi su sa ta, suna ganin ƙarin girma suka yi wa motar.

Na yi ta juya kalmomi. "Na kasuwa" bai yi ba, don orijinan ma a kasuwa ake sayensa. "Ɗan Chana" ƙasa yake nunawa, ba inganci ba, kuma manyan kamfanoni da yawa suna da masana'antu a can. Baljiyam da gwanjo na hannu ne, an riga an mora. Wani abokina ya ce a kira shi agola, tunda ba ɗan gidan ba ne amma a gidan yake zaune. Na yi dariya har da tari, kuma ma'anar ta yi daidai ƙwarai. Amma kalma ce mai ɗauke da gori, akwai waɗanda take yi wa ciwo, sannan duk wanda ya ji ta zai ɗauka kayan na raini ne, alhali wani ya fi ɗan gidan.

Inda na tsaya a kan sunan aftermarket shi ne madadi. Wanda ya zo da tambarin kamfanin motar, ɗan gida. Wanda wani kamfani ya ƙera da sunansa don ya zauna a gurbin ɗan gida, madadi. Shi kuma madadi iri biyu ne: madadi mai suna, irin su Bilstein, Koni, KYB da Sachs, da madadi mai araha, wanda ba ka taɓa jin sunan kamfaninsa ba. Jabu daban yake, shi ne wanda ya sa rigar wani: kwali ya ce KYB, ciki ba shi ba ne. Mai araha bai yi maka ƙarya ba, ya faɗa maka sunansa da kuɗinsa, kai ka ga za ka iya.

Da na shimfiɗa wa Kawu haka sai hirar ta sauya. Ya karɓi wayar.

"Auta, tsere za ka yi da ita ko yawon ƙarshen mako?"

"Yawo ne, Kawu. Wataƙila sau ɗaya a shekara in shiga filin tsere."

"To me ya kai ka wa mai murɗa kai?"

Ashe abin da ya ɗauki hankalin yaron wani saiti ne mai araha da ya gani a intanet, ƙafa huɗu cif, ja mai sheƙi, ana iya sauke motar ƙasa da shi, kuɗinsa bai kai na Koni guda biyu ba. Araha ba ta ado, in ji masu magana, amma wannan ado kaɗai gare shi. Matsalar irinsa ita ce a haɗa sifirin mai tauri da shokozobar da ba ta da ƙarfin riƙe shi. MX-5 ta farko nauyinta wajen tan ɗaya ne kawai, kuma shokozobarta ta baya ba ta da wurin motsi mai yawa. Ka sauke ta ƙasa a kan irin wannan saiti, duk rami sai ta doki robar tsayawa, bayan motar ya yi tsalle a tsakiyar kwana. Motar da daɗinta duka a kwana yake, me ya rage?

Hukuncin Kawu gajere ne. Shokozoba a sa madadi mai suna na talakawa, wanda aka yi shi daidai da sifirin ɗin kamfani, kuma bibbiyu ake canzawa, hagu da dama. Boljoyin kada a nemi araha ko kaɗan, don in ya tsinke taya lanƙwashewa take yi ana cikin gudu. Robar rufe ƙura da ƙananan tarkace, nan a sayi mai araha ba komai. Ya ƙara da cewa kada a ɗaure notin bushin motar tana rataye a kan jak, sai ta sauka nauyinta ya hau taya, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage da wuri. Daga nan a kai ta alaimen, wato a daidaita zaman tayoyin.

Da zai ajiye wayar na ji ya ce, "Ka dai sayi madadin nan mai suna." Ban ce masa komai ba.

Saura guda ɗaya da ban warware ba: coilover, wato shokozobar da sifirin ya naɗe ta suka zama abu guda, mai zaren noti da ake ɗaga mota ko a sauke ta da shi. Kawu ya ce "mai goyo", don tana goye da sifirin ɗinta. Ni kuma na ce ta kamfanin ma a MX-5 goye take, zaren ɗagawar ne kawai babu. Masu aikin ƙafa, ku me kuke ce mata a gareji?